Ƙarafan Kawu: yadda muka kwashe kayan gyaran mota na shekara arba'in

Kwana goma sha biyu da rasuwar Kawu, Allah Ya jiƙansa, mai siton da yake haya ya aiko cewa saura wata biyu kuɗin haya ya ƙare, kuma akwai mai son wurin. Bai faɗa da zafi ba, har da ta'aziyya ya haɗa. Amma saƙon nan ne ya sa mu gudu a inda ya kamata mu taka a hankali, kuma yawancin asarar da muka yi daga gudun nan ta fito.

Kawu bakanike ne. Ya haura shekara arba'in yana kwance inji yana ɗaurawa, kuma motocin da su ne fanninsa: Peugeot 404 da 504, Volkswagen Beetle, Mercedes W123, da tsofaffin Land Rover. Yana da halin da duk wanda ya zauna da tsohon bakanike ya sani, wato ba ya yar da ƙarfe. Mota ta mutu, sai ya sayi gawarta ya kwance, ya adana duk abin da ke da sauran rai. Mai shagon kayan gyara zai rufe, sai ya kwashe ragowar. Ko da ido ya yi rauni ya daina shiga ƙarƙashin mota, bai daina tarawa ba. Ya rasu ya bar kayan a wuri uku: siton haya cike har bakin ƙofa, ɗaki guda a cikin gida, da filin bayan gida inda manyan ƙarafa ke jibge ƙarƙashin tsofaffin kwanon rufi.

Magadansa su ne Inna, matarsa, da 'ya'ya biyar, kuma babu wanda ya gaji sana'ar a cikinsu. Ni ɗan ƙanwarsa ne, ba ni da rabo a dukiyar. An kira ni ne saboda tsaron sito shi ne aikina, na saba da littafin shiga da fita. Na san lissafin kaya, ban san mota ba, kuma a lokacin na ɗauka lissafin kaɗai ya isa.

Filin bayan gida

Yaya, babban ɗan marigayin, hutun 'yan kwanaki ya samu a wurin aiki, yana son ya ga an rage wani abu kafin ya koma. Sai muka ce a fara da filin baya, bisa tunanin cewa abin da mutum ya bari a waje ba zai zama mai daraja ba. 'Yan gwangwan suka zo da sikeli da babbar mota. Yini ɗaya da rabi, fili ya yi fayau. An auna komai a kan kilo, farashi ɗaya, na baƙin ƙarfe. Na rubuta nauyi na rubuta kuɗi, amma ban rubuta sunan ko abu guda ba, don ban san sunayensu ba.

Bayan kwana uku wani dattijo ya zo gaisuwa daga nesa. Shi ne yaron Kawu na farko, ya yi shekara tara a hannunsa kafin a yaye shi, yanzu shi ma da garejinsa da furfurarsa. Da aka shafa addu'a ya nemi a leƙa da shi bayan gida. Ya tsaya a bakin filin ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya juyo gare ni.

"Ɗana, giyabos ɗin da ke jingine da katangar nan, mai ɗigon jan fenti a ka, ina yake?"

Na ce, "Baba, an auna shi."

Ya yi salati. "Ba na Maigida ba ne. Ajiya ce aka ba shi."

A nan na fara jin cewa Kawu yana da tsari, mu ne ba mu iya karanta shi ba. Duk abin da ya ɗiga wa jan fenti, na wani ne: ko an kawo gyara ba a dawo ɗauka ba, ko an ba shi ya sayar a madadin mai shi. Abin da ya zagaye da farin alli kuwa ya gwada shi ya tabbatar yana aiki. Kuma ba rashin daraja ke sa ya ajiye kaya a fili ba, yawanci nauyi ne. Abin da mutum ɗaya ba zai iya ɗagawa ba, a waje yake zama.

Muka shiga ɗakin cikin gida. Baba ya sunkuya ya jawo wani ƙarfe mai launin toka, faɗinsa ya kai rungumar hannu, amma ya ɗaga shi kamar ba komai. Ya ce, "Ina ɗan'uwansa?" Ɓari ɗaya ne na gidan injin Beetle. Injin wannan motar gidansa ɓari biyu ne da ake haɗawa da noti, karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, na kwance a tsakiya, kuma tun a masana'anta ana huda mazaunin karanshaf ɗin ne ɓarin biyu suna haɗe. Saboda haka ɓarin wani injin ba ya zama daidai a jikin na wani. Ɗan'uwan nasa yana cikin abin da muka auna. Na tuna shi sarai, don yaron da ya jefa shi cikin mota har cewa ya yi wannan ba shi da nauyi, ba zai kawo komai ba. Da wannan jifa ɗaya muka kashe ɓari biyu: wanda ya tafi, da wanda ya rage.

Baba ya ɗiga ruwan khal a wurin da ya kankare da wuƙa, nan take ya fara kumfa. Ya ce da alminiyam ne ba zai yi haka ba, wannan magniziyam ne, ya fi alminiyam rashin nauyi da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma in ya kama wuta, watsa masa ruwa ƙara ta'azzara shi yake. Ya ce kada mu bari kowa ya matso da wutar walda kusa da shi. Rashin sani ya fi dare duhu: ga abu a ɗakin da jikoki ke shiga, ba mu san daraja tasa ba, ba mu san haɗarinsa ba.

Washegari na bi sawun motar 'yan gwangwan. Sun riga sun haɗa kayan da na wasu sun tura gaba. Ba su cuce mu ba, abin da muka sayar musu suka saya.

Dakatawa

A daren nan na kira Yaya a waya na gaya masa komai, na kuma ce ba zan sake taɓa ko noti ɗaya ba sai magada sun zauna. Aka zauna, waɗanda ke nesa aka haɗa da su ta waya. Abin da aka tsayar ba shi da yawa. Za a fara ware kayan mutane da biyan bashin da ke kan marigayi kafin a kira wani abu dukiyar gado. Babu abin da zai fita sai an rubuta sunansa, an ɗauki hotonsa. Ni zan riƙe littafi, ƙanwar Yaya ta riƙe kuɗi, kada su haɗu a hannu ɗaya. Duk wanda ke son wani abu don tunawa da mahaifinsa ya faɗa yanzu, a rubuta a gaban kowa. Kowa ya sa hannu. Wannan rabon aiki tsakanin littafi da kuɗi ni na nace a kansa, ba don ana zargin kowa ba. Kaya ne da babu wanda ya san ƙimarsu, kuma irin wannan kaya su ke haifar da "ai an sayar da arha" bayan shekara biyar.

Shawara mafi wuya ita ce ta haya. Biyu daga cikin 'ya'yan suna ganin ƙara biyan haya a kan tsofaffin ƙarafa zubar da kuɗi ne. Inna ce ta raba gardama. Ta ce, "Shekara arba'in ya yi yana tarawa, ba za ku iya ba shi wata huɗu ba?" Aka roƙi mai sito ya ƙara mana wata biyu a kan biyun da suka rage, ya amince. Aka kuma roƙi Baba ya riƙa zuwa kwana biyu a mako, a biya shi ladan aikinsa. Ya so ya ƙi karɓa, muka ce in bai karɓa ba ba za mu iya kiransa duk lokacin da muke buƙata ba.

A ƙasan akwatin sifanu muka tsinci littafin Kawu, wani tsohon littafin rubutu da giris ya rina har ya koma ruwan ƙasa. A ciki akwai sunayen masu ajiya, da waɗanda yake bi, da waɗanda ke binsa. Da shi da jan fentin muka ware kaya goma sha ɗaya da ba nasa ba.

Mayar wa ƙarfe sunansa

Wannan shi ne ainihin aikin, shi ya cinye mana fiye da rabin lokacin. Kayan gyara da ba a san na wace mota ba ne, ƙarfe ne kawai, kilo ne kuɗinsa. Da zarar an san sunansa, da motar da yake shiga, da shekarunta, ya zama abin da wani ke nema ido rufe. Duk wannan sani a kan Kawu yake, ya tafi da shi. Baba ya san kamar rabi da ido. Sauran sai da lamba.

Yadda muke yi: a goge wurin da kananzir da tsohon burushin haƙori, a shafa alli a kai, a share da yatsa, sai allin ya maƙale cikin ramin lambar ta fito fari. In ta dushe sosai, a haska fitilar waya daga gefe, ba daga sama ba, inuwa ta nuna ta. Sannan a rubuta a ɗan kati a ɗaura da waya.

Lambobin nan suna da ma'ana, ba jere ne kawai ba. Na Volkswagen guda tara ne, uku-uku. Ukun farko suna nuna samfurin motar da aka fara ƙera kayan dominta, 111 ko 113 na Beetle ne, 211 na bas ɗinsu. Lamba ta huɗu ita ke faɗin sashen mota: 1 inji, 3 giya, 6 birki da ƙafafu, 8 jikin mota, 9 kayan wuta. In akwai harafi a ƙarshe, to an yi wa kayan kwaskwarima daga baya, kuma harafin nan guda yana iya zama bambancin shiga da ƙin shiga. Na Mercedes guda goma ne, ukun farko su ma suna nuna asali: 123 na jikin W123, wadda aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, 616 da 617 kuwa na injinan dizal ɗinta. Kayan wuta na Bosch, da ke cikin motocin Turai da yawa, lambarsu goma ce mai farawa da sifiri: 0 001 kik ne, wato abin tayar da inji, 0 231 distiribita, mai raba wa fulogi wuta. Kafireto shi ma yana ɗauke da sunansa a jiki. Muka sami Solex 34 PICT-3 guda uku, 34 ɗin faɗin maƙogwaronsa ne a milimita, kuma na injin Beetle 1600 ne na shekarun 1970.

Akwai tarko a nan da ya kama ni sau da yawa kafin in gane. Lambar da ta fito a jikin ƙarfe tun daga zubi ba lallai ita ce lambar kayan gaba ɗaya ba, tana iya zama ta wannan ɓangaren kaɗai. Kuma kwali yana ƙarya. Kawu kan sa tsohon abu a kwalin sabo, saboda haka sai an buɗe an gwada lambar ciki da ta waje. Duk da haka ba mu yar da kwali ko ɗaya ba, ko ya yage. Kaya sabo dal da bai taɓa hawa mota ba, a kwalinsa na asali, shi masu gyaran tsofaffin motoci suka fi so, kwalin ne shaidarsa. Ba mu kuma wanke komai fiye da kima ba. Baba ya hana ni goge wani kafireto da burushin ƙarfe, ya ce mai saye ya fi yarda da dauɗar shekaru a kan ƙyallin da ke iya ɓoye tsaga.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne inda darajar take. Ni da Yaya idonmu na kan manyan injina bakwai da ke sito. Baba ya sa sifana a kan notin karanshaf ya gwada juya kowanne. Huɗu sun cije, ruwa ya shiga tsatsa ta kama fistin. Uku ne suka juya. Shi kuwa hankalinsa na kan wasu gwangwanaye da ke saman kanta, cike da abin da na ɗauka tarkace ne: murafen fitilun baya, tamburan gaban mota, mariƙan ƙofa, makunnan wuta, agogon gudu, siraran ƙarafan ado masu sheƙi. Da manyan fitilun gaba na 504, masu siffar nan da ba a manta ta, guda shida a naɗe cikin tsumma, babu mai tsaga. Dalilin a fili yake in an yi tunani. Motocin nan an ƙera su da yawa, Beetle kaɗai ta haura miliyan 21 kafin a rufe ƙera ta a Meziko a 2003, don haka har yau akwai kamfanonin da ke yin abubuwan da ke cinyewa, irin su ringi da gasket da boris. Abin da ke wuyar samu shi ne ɗan ƙaramin abin da ke karyewa ko ya ɓace, kuma ko an sami na kwaikwayo ba ya zama kamar na asali. Wanda ya kashe shekara uku yana farfaɗo da motar mahaifinsa zai yi tafiya mai nisa saboda murfin fitila guda.

Abin da muka ƙi sayarwa

A nan muka sami saɓani da Yaya. Akwai tayoyi takwas a bayan sito, zanensu cif kamar yau aka fito da su. Yana ganin kuɗi ne a ajiye. Baba ya nuna masa gefen tayar, inda jerin da ke farawa da DOT ya ƙare. Tun daga shekarar 2000, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi taya. Namu lambobi uku ne, wato kafin 2000 aka yi su. Kamfanonin taya da kansu suna cewa a cire taya in ta kai shekara goma ko da zanenta bai cinye ba, domin roba tana bushewa daga ciki. Yaya ya ce ai mai saye ya ga abin da ya saya. Na ce masa mai saye zane zai gani, ba zai ga lamba ba, kuma in ta fashe da iyali a ciki, kuɗin nan cikin gadon marayu zai shiga. Ya yi shiru, can ya ce a yanka su. Muka tsaga gefen kowace don kada wani ya tsince ta ya sa a mota. Haka muka yi da tiyon birki da tsofaffin bel na kujera. Har yau ina ganin daidai muka yi.

Sai kayan da ke cutar da mai kwashe su. Tsofaffin takalman birki da faifan kuloci na wancan zamani da yawa an yi su da asbestos, wanda Tarayyar Turai ta haramta gaba ɗaya a 2005, domin ƙurarsa tana maƙalewa a huhu, cutar kuma ba ta bayyana sai bayan shekaru masu yawa. Ba a karkaɗe su, ba a hura musu iska. Muka yayyafa musu ruwa, muka rufe hanci, muka ƙulle su a leda biyu. Batura tara, da darma da ruwan batir a ciki, a tsaye muka ɗauke su muka kai wa masu karɓar tsohon batir, ba mu zubar da ruwan a ƙasa ba. Baƙin mai jarka huɗu shi ma ya tafi wurin masu karɓarsa. Tankokin fetur guda uku, da na ɗauka ba su da haɗari tunda babu mai a ciki, Baba ya ce su suka fi haɗari, don tururin da ya rage shi ke fashewa. Aka buɗe su aka bar su a inuwa, nesa da wuta.

Akwai kuma gangar jikin 504 guda da takardunta. Wani ya zo ya ce ba ya son ƙarfen, farantin lambar jiki da takardun kawai yake so, kuma zai biya da kyau. Ba mu yi dogon tunani ba. Mota ɗaya ce ke buƙatar lambar wata, ita ce wadda ke ɓoye tata. Muka sallame shi.

Ciniki

Tun kafin mu gama ƙirga, labari ya bazu. Mutum uku suka zo da tayi iri ɗaya: a bar su su shiga su zaɓa. Da mun yarda, cikin awa biyu za su tsince gwangwanayen saman kanta da fitilu da kafiretoci, su bar mana tan-tan na ƙarfen da ba mai so, kwanan haya kuma na ƙaratowa. Ba laifinsu ba ne, sana'arsu ke nan. Amma mun riga mun sha sau ɗaya. Muka ce babu mai shiga sito, a bakin ƙofa ake ciniki da littafi.

Muka kasa kayan gida uku. Ƙananan masu daraja, ɗaya-ɗaya muka sayar. Kowanne hoto huɗu: gaba, baya, lamba, da duk wani aibi da ke jikinsa. Muka sa a intanet, muka kuma aika wa ƙungiyoyin masu riƙe da tsofaffin motoci, don su ne suka san abin da suke gani. Wajen sa farashi, na koyi duba abin da aka riga aka sayar da irinsa a wurare kamar eBay, ba abin da masu talla ke nema ba, domin kowa na iya neman abin da ya ga dama. Matsakaitan kaya kuwa muka haɗa su kashi-kashi bisa mota: duk na Land Rover kashi ɗaya, duk na 404 kashi ɗaya, mai daɗin da marar daɗin tare, wanda ya saya ya kwashe duka. Injina da manyan ƙarafa, sai wanda zai zo da motarsa ya ɗauka, don kuɗin aika su yana iya fin kuɗinsu.

Ƙa'idarmu ita ce a faɗi gaskiyar abin da aka sani. Wanda ke da zagayen allin Kawu mu ce marigayi ya gwada shi, mu ba mu gwada ba. Wanda babu, mu ce ba a gwada ba. Duk da haka an dawo mana da kik guda, kuma laifina ne. Na rubuta "kik na Beetle" na tsaya a nan. Ashe tsofaffin Beetle wutarsu bolt 6 ce, sai wajen 1967 kamfanin ya fara komawa 12, kuma faifan da kik ke kamawa a bayan inji haƙoransa 109 ne a tsohon tsari, 130 a sabon. Mutumin ya ɗaura, haƙori ya ƙi shiga haƙori. Muka mayar masa da kuɗinsa har da na aikawa. Daga ranar, duk faifan da muka ɗauko sai mun zauna mun ƙirga haƙoransa da alli, ɗaya bayan ɗaya.

Sau biyu aka turo mana saƙon banki na bogi ana cewa direba na hanya. Ƙanwar Yaya ba ta yarda a saki kaya sai ta ga kuɗin a asusu da idonta, shi ya tsare mu.

A makon ƙarshe muka sake kiran 'yan gwangwan, amma wannan karon da maganaɗisu a hannunmu. Abin da ya kama, baƙin ƙarfe ne, gefe guda. Abin da bai kama ba, a duba: tsofaffin lagireto jan ƙarfe da tagulla ne, fallayen jikin Land Rover alminiyam ne, wayoyin wuta jan ƙarfe ne a ciki. Kowanne da kuɗin kilonsa, kuma jan ƙarfe ya ninka baƙin ƙarfe sau da yawa. A karon farko duk wannan a farashin baƙin ƙarfe ya tafi.

Abin da littafi ya nuna

Mun miƙa makullin sito saura kwana biyar wa'adi ya cika. Da na tattara lissafi, fiye da rabin kuɗin da aka samu ya fito ne daga ƙananan kayan da duka za su shiga bayan mota ɗaya. Kashi-kashin da aka haɗa bisa mota su suka biyo baya. Injina bakwai da muka sa wa rai, da duk ƙarfen da aka auna a karo na biyu, su ne na ƙarshe. Bayan an cire ƙarin haya, da ladan Baba, da kuɗin ɗauka da aikawa, abin da ya rage ya ninka tayin mafi tsoka da aka yi mana na sayen komai a dunƙule. Amma ba zan ɓoye ba, wata huɗu na ƙarshen makona suka tafi a ciki, kuma ba a sa wannan a lissafi ba. Iyalin da ba su da mai zama, ba su da irin Baba, sayarwa a dunƙule ba aibi ba ne a gare su, muddin sun ware kayan mutane, sun cire masu haɗari, sun kuma kira masu saye fiye da ɗaya su taya. Abin da ba zan iya lissafawa ba shi ne filin bayan gida. Babu suna ko ɗaya a shafin, nauyi ne kawai.

Mai giyabos ɗin mun same shi ta littafin Kawu. Yaya da kansa ya je ya faɗa masa abin da ya faru, bai rage komai ba. Akwai irinsa a sito, Baba ya buɗe ya duba haƙoransa, muka kai masa har gida. Ya karɓa, ya ce ya yafe, ya yi wa marigayi addu'a. Cikin kaya goma sha ɗaya na ajiya, goma sun koma hannun masu su ko 'ya'yansu.

Inna akwatin sifanu ta zaɓa, da littafin. Ɓarin gidan injin da ya rasa ɗan'uwansa Baba ya roƙa, ya ce zai rataye a garejinsa, muka ba shi.

Na goma sha ɗayan famfon dizal ne na Bosch, da ɗigon jan fenti a gefe, naɗe cikin tsohuwar riga. A littafin akwai suna ɗaya tilo da lambar waya, babu kwanan wata. Lambar ba ta shiga. Baba ya tambaya a tsakanin tsofaffin kanikawa, ba wanda ya tuna mutumin. Sau biyu aka taya famfon da kuɗi mai kyau, Inna ta ce ba nasu ba ne. Yana nan ƙarƙashin gadonta da katinsa a ɗaure, kuma duk farkon wata nakan sake gwada lambar.